Ranar Yasar Magudana

Shekara ashirin da ɗaya ina rabon ruwan ban-ruwa a ƙauyenmu, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Doka ɗaya ce: ranar yasar magudana, kafin shuka, kowane gida ya fito da namiji ɗaya da shebur. In na kira suna ba a amsa ba, gonar gidan ba ta shan ruwa a shekarar. Kuma mutum ɗaya ba ya amsa suna biyu.

Casimiro Trujeque, wakilinmu a majalisar yanki ta Santa Fe, bai taɓa fashi ba. Yakan yi tafiyar kwana uku a kan alfadari ya zo, ya tuɓe kwat ya shiga taɓo. Melquiades, wanda Casimiro ya kayar a zaɓe har sau uku, ba ya barinsa ya sha iska.

"Ranka ya daɗe, a hankali! Shebur ne, ba alƙalami ba."

"Haƙa dai, Melquiades. Da bakinka ke yasa, da tuni ruwa ya kai Mexico."

Da yaƙin basasa ya iso mana, sojojin Texas suka biyo kogi, Casimiro ya tara 'yan sa-kai ya zama kyaftin ɗinsu. A mashigin kogi aka harbe shi, watan Fabrairu. Ya bar matarsa Doña Eufemia da 'ya'ya mata biyu da gonar masara da barkono, babu namiji a gidan.

Ranar yasa ta zo. Eufemia na tsaye daga nesa cikin baƙin mayafi. Na so in tsallake sunan, girman kai ya hana ni. Na kira: "Casimiro Trujeque!"

Sai wata murya daga baya ta ce, "Ga ni."

Melquiades ne, har ya shiga taɓo.

Na ce, "Kai, ka san doka fa."

"Na fi ka saninta, tsoho. Ci gaba da kiranka, rana na yi."

Da na iso kan sunansa sau uku na kira. Yana haƙa a gabana, bai ko ɗago kai ba. Na datse ruwan gonarsa.

Masararsa ta bushe a watan Yuli. Kullum ta gefenta nake wucewa in buɗe wa gonar Eufemia ruwa, kuma har yau kunyarsa nake ji.