Biskit ɗin Noreen a Ranar Wutar Daji

Noreen ta danna cokali mai yatsu a kan ƙwallon ƙullun na ƙarshe, ta tura farantin cikin tanda, ta koma taga. Hayaƙin da ke bayan tsauni ya bar fari, ya koma ruwan ƙasa. Iskar arewa sai kaɗa itatuwan turare take yi, busassun ganye na faɗowa a kan kwanon rufi.

Ta sake gwada lambar mijinta. Ba ta shiga ba. Tun da safe Des ya bi motar 'yan kashe gobara na sa-kai, ko shayinsa bai shanye ba.

Ta zauna, ta miƙe. Ta ɗauko bota da garin sukari ta hau bugawa. Yau Alhamis, ranar da ita da ƙanwarta Glenys suke shan shayin la'asar, kuma tun zamanin mahaifiyarsu ba a shan shayin sai da wannan biskit mai garin kastad, biyu-biyu a manne da kirim. Sai dai zafin yau ya fi ƙarfin bota. Tana bugawa yana sakin jiki kamar mai. Ta matsa lemon tsami, ta ƙara sukari, ta cusa kwanon a firji.

Ƙarar mota ta sa ta ruga waje da cokali a hannu. Ba Des ba ne, Glenys ce.

"Yaya! Me kike yi har yanzu? Ba ki ga saƙon da aka turo ba? An ce kowa ya bar kwarin nan."

"Na gani."

Glenys ta shigo, ta shaƙi ƙamshi, ta dafe ƙirji. "Biskit? Duniya na ci da wuta, ke kin kunna taki a kicin?"

"To me zan yi, in zauna in zuba wa bango ido? Miƙo min tsumman can."

"Ɗauko jakarki mu tafi. Kowa na zauren taro a cikin gari."

"Ba inda za ni sai Des ya dawo."

Glenys ta san dalili. A gobarar da ta cinye rumbunsu shekarun baya, Noreen ta gudu gari ba ta sanar da shi ba. Des ya dawo nemanta, ya kutsa cikin hayaƙi yana kiran sunanta, har yau hannunsa na hagu ba ya dunƙulewa. A gadon asibiti ta yi masa alkawari ba za ta sake gusawa ba sai ya sani.

"Idan na tafi ya zo fa? Kin san halinsa, ɗaki-ɗaki zai bi."

"Idan kin zauna hanya ta rufe fa? Sai ya zo ya tarar da me?"

Noreen ta buɗe tanda. Ta fito da farantin, biskit ɗin sun yi fari-fari yadda take so. Ta fara jera su su huce, ɗaya ya dare biyu. Nan take firji ya yi shiru, fanka ta tsaya. Hasken da ke shigowa ta taga ya rikiɗe ja, ga toka tana sauka a kan shanya.

"Yaya, don Allah," in ji Glenys, muryarta ta yi ƙasa. "Ni ba zan tafi in bar ki ba. Ki sani, idan kin zauna, da ni kika zauna."

Noreen ta dubi ƙanwarta, ta dubi hanya. Sannan ta juye biskit ɗin da zafinsu a gwangwani, ta rungumi kwanon kirim. Ta buɗe wa tumaki shinge, ta bar ƙofar gida a wangale, ko idan ya zo ya gane ba kowa.

A mota ba ta daina waige ba. Kowace motar da suka yi kiciɓis da ita sai ta leƙa fuskar direba. Don hannunta ya samu abin yi, ta riƙa shafa kirim tana manna biskit a kan cinyarta, suna zamewa, kirim na tsiyaya ta gefe.

Zauren cike yake da mutane da karnuka da barguna. Tana shiga ta gan shi. Des na zaune kusa da tukunyar shayi, an naɗe masa idon sawu da bandeji, an ɗora ƙafar a kan kujera, yana ba wasu tsofaffi labari.

"Ga ta nan!" in ji shi. "Rami na taka tun kafin azahar, suka ajiye ni nan. Ina kika tsaya? Na ɗauka kina gidan Glenys."

"Ina gida. Kai nake jira."

"Gida? Haba, Noreen! Na ce musu ai matata mai hankali ce, tun safe ta fice."

Glenys ta buɗe baki, Noreen ta taɓa hannunta. Ta daɗe tana kallon mijin nata. Babu alamar ya tuna wani alkawari.

"Gidan fa?" ta tambaya.

"Ba wanda ya sani tukuna. Sai yadda iska ta yi." Ya hango gwangwanin, fuskarsa ta washe. "Kai, har da biskit? Allah ya yi miki albarka."

Ya miƙo hannu. Noreen ta buɗe murfin, ta wuce ta gabansa, ta fara rabo daga ɗaya ƙarshen zauren.