Tsokar da Aka Binne a Agege

Abin ya fara ne a diddigen Kalsum, ɗan baƙin tabo kamar tawadar Allah, a wurin da ba mai dubawa. Mijinta Ɗanbaba, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Ikko, bai san da shi ba sai ranar da ya ga jini a silifas ɗinta. Ta ce kaushi ne. Ta goge da dutse, ta shafa man kaɗanya, tabon ya yi ta faɗi har ya fashe ya ƙi warkewa.

Ya kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan layin dogo. Likitar, wata Bayarabiya mai tabarau, ta daɗe tana juya ƙafar. Ta yi allurar kashe zafi, ta yanke wurin, ta ɗinke. Sannan ta jefa tsokar a 'yar kwalba mai ruwan magani mai hawa hanci, ta miƙa wa Ɗanbaba, domin a irin wannan asibiti ɗan uwan majiyyaci shi ne ɗan aike. Kalsum ba ta jin komai sai Hausa, don haka likita ta yi wa mijin bayani da Yarbanci, wanda ya iya sarai. Ta ce ya kai kwalbar ɗakin gwaji a Ikeja. A can za su yanka tsokar fale-fale, su rina ta, su duba a madubin likita. Su ne za su faɗi ko mene ne, da zurfin da ya yi, da ko wuƙa ta kwashe shi duka. Ido ba ya iya faɗin wannan, har nata idon.

Ɗanbaba ya ji, ya kuma gane. Kada wani ya ce rashin fahimta ne.

Da la'asar Kawu Sharif ya zo dubiya. Ƙanin mahaifiyar Kalsum ne, shi ke limanci a masallacin layinsu. Ya hango kwalbar cikin leda a kan taga.

"Wannan fa?"

"Abin da aka cire ne, Kawu. Gobe zan kai Ikeja a auna."

"A auna? Albasa ce?"

Kalsum ta yi dariya daga kan tabarma.

Kawu ya ce, "Naman 'yar Musulmi za ka runguma ka shiga motar danfo, kwandasta na taka ka, ka miƙa wa ƙattin da ba ka sani ba su yi ta yayyankawa? Da injin niƙa ya cire wa ƙaninka yatsa a gida, me aka yi da shi?"

"An binne."

"To."

"Likita ta ce sai an duba za a san..."

"Ba an cire ba? Me ya rage a sani?"

Kalsum ta ce, "Baban Umaima, ni ban taɓa taka Ikeja ba, sai diddigena ne zai riga ni? Bar shi. Ba na son ana yawo da ni a gari ina kwance a ɗaki."

Ɗanbaba mutum ne da ba ya yin aiki rabi. Ya tsiyaye ruwan maganin a kwata, ya wanke tsokar da ruwa mai tsarki, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya haƙa rami mai zurfi a bayan masallaci. Ya dawo zuciyarsa fes.

Ɗinkin ya warke lafiya lau, aka cire zare a kemis. Asibiti ba su neme shi ba, shi ma bai neme su ba. Azumi ya zo ya wuce, aka yi layya. Kalsum ta koma tuyar awara a ƙofar gida.

Sai kaluluwa ta fito mata a matsematsi, mai tauri kamar goriba, ba ta ciwo. Sai tari. Zanenta ya fara zagaye ta ya yi saura.

Da suka koma asibitin, likita ta gane su tun daga ƙofa. Ta tambayi sakamakon Ikeja. Ɗanbaba ya faɗa mata abin da ya faru, idonsa a kan tebur. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "A cikin kwalbar kuka binne? In tana cikin ruwan, ba ta ruɓa. Je ka tono, har yanzu za a iya karantawa."

"Na zubar da ruwan. Na wanke ta, na sa a ƙyalle."

Ta cire tabarau ta murza ido.

Aka sake yanko wata tsokar daga kaluluwar. Wannan karon ya shiga danfo da kwalbar a cinyarsa, kwandasta ya taka shi. Kawu Sharif bai hana ba, ya dai yi addu'a mai tsawo.

Da sakamako ya fito, likita ta zaunar da su biyun. Ciwon daji ne na fata, irin wanda ke farawa daga baƙin tabo, kuma a baƙar fata ya fi son tafin ƙafa. Ya bar diddige tuntuni, ya kai kaluluwa, hoton ƙirji ya nuna ya kai huhu. Da an karanta tsokar farko, da ta san ta sake yanka da faɗi, ta tura su babban asibiti tun abin bai yi tafiya ba.

Ya ce, "Da ta warke ke nan?"

"Ban ce da ta warke ba. Na ce da mun sani da wuri."

"Yanzu fa?"

"Akwai maganin rage zafi. Akwai wanda zai ɗan ja lokaci. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Kalsum na ta kallon bakinsu, daga wannan zuwa wancan. Ta taɓa hannun rigarsa.

"Me ta ce?"

Ɗanbaba ya yi ciniki da Yarbanci, ya yi faɗa da shi, ya roƙi 'yan sanda da shi. Yau ya nemi hanyar mayar da shi Hausa ya rasa.

"Ta ce iskar Ikko ba ta karɓe ki ba. Za ki fi samun hutu a gida, wajen Inna."

Ta dube shi, ta dubi likitar da ta sunkuyar da kai.

"To, ka sama mini kujerar gaba a mota, ƙafar ba ta naɗuwa," in ji ta. "Umaima kuma ka bar ta ta gama zangon makaranta. In an kira ka, sai ku taho tare."