Ɗan Shila Mai Launin Toka

Malam Abdulsalami yana tsaye a kan turmi ya zura hannu cikin tukunyar da fararen tattabarunsa suka yi sheƙa, ya ciro ɗan shilan, ya ɗaga shi ga haske. Gashin ya gama fitowa. Toka-toka ne, da zane baƙi a fiffike. Uwar fara ce fat, uban fari ne fat, suna bisa katanga suna kallonsa kamar ba su san zancen ba.

Duk Tsafe an san aikin da fararen nan suke yi masa. Tun da ya bar aikin kotu ma'aurata ke kawo masa rikicinsu, shi kuwa ba ya buɗe baki sai ya zaunar da su a gaban tattabarun. Ya nuna musu yadda namiji ke karɓar kwancin ƙwai idan macen ta gaji, yadda kowa ke riƙe da abokinsa har mutuwa, sannan ya tambaye su ko tsuntsu ya fi su hankali ne. Aure da dama ya miƙe a tsakar gidan nan.

Yau kuwa bayan la'asar Bashar direba ne zai zo, mijin Hafsatu, ɗiyar ƙanen Malam, kuma igiyar aure ɗaya ta rage a tsakaninsu. Hafsatu ta haifi yaro fari sol mai laushin gashi, alhali ita da mijin duk baƙaƙe ne, 'yan tashar Gusau suka sa Bashar gaba da tambayar ko wane fasinja ne ya shiga motarsa bai sani ba.

Asabe matar Malam, wadda ke tankaɗe a gindin bango, ba ta ko ɗago kai ba.

"Mi kake dubawa, Malam? Ai sai ka shiga ka yi wa Mannir barka."

Mannir mai faci maƙwabcinsu ne, yana da wani namijin tattabara mai launin toka, mai kaurin wuya da sheƙin kore, wanda ba shi da sana'a sai sauka a rufin mutane yana kumbura ƙirji yana jan wutsiya. Malam da idonsa ya gan shi kwanakin baya yana zagaye farar macen, ya kuma ga ba ta tashi ba. A ranar kau da kai ya yi, ya nemi gafara, kamar shi ne ya yi laifin.

Malam ya kira ɗiyarsa Khadijat a waya, wadda ke koyar da ilmin halittu a wata sakandare a Gusau. Sai da ta gama dariya sannan ta yi masa bayani. Ta ce zaman tsuntsaye biyu-biyu haɗin gwiwa ne na renon 'ya'ya, ba kowane ƙwai ne na mai kwanciya a kansa ba. Mace ce ke zaɓe, kuma wanda ya fi sheƙi da iya rawa shi ke barin zuriya, shi ya sa mazan suka gaji kumbure-kumburen nan. Amma ta ce akwai wata hanyar: duk tattabarun gida, farare da baƙaƙe, daga wata tattabarar duwatsu mai launin toka suka fito, mutane ne suka yi ta zaɓen launin da suke so, kuma wani lokaci rigar kakanni takan dawo a jikin jika. Ya tambaye ta wanne ne nasa.

"Baba, ni ban ga rufin ba. Kai mi ka gani?"

Ya ce mata muryarta na yankewa, ya kashe wayar.

Asabe ta kawo shawarar a yi farfesun ɗan shilan, har ta wasa wuƙa. Ya daɗe yana kallon wuƙar. A duk zamansa na kotu bai taɓa ganin an yanka shaida ba, ya ce ta mayar.

Da Bashar ya iso, fuska a murtuke, Malam bai nuna masa fararen ba. Ɗan shilan ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce na waɗancan biyun ne.

Bashar ya yi wata guntuwar dariya. "Ashe har gidanka, Baba."

Malam ya gyara zama, ya zuba masa bayanin tattabarar duwatsu da rigar kakanni, da irin muryar da yake karanta hukunci a da. Zancen rufi da rawa bai ko kusance shi ba. Daga nan ya tuna masa da kakarsa ta wajen uwa, Indo Bafulatanar Wonaka, wadda Malam ya sha sayen nono a hannunta, fara ce har jijiyoyin hannunta ana gani. Ya sa Hafsatu, da ke jira a ɗakin Asabe, ta fito da yaron. Bashar ya dubi jaririn, ya dubi tsuntsun, ya sake duban jaririn, ya daɗe a kan hancin. A hankali ya ce innarsa ta faɗa masa haka tun ranar suna, ya ɗauka rufa asiri take yi. Sai ya roƙi a ba shi ɗan shilan ya kai tasha, 'yan iskan nan su gani da idonsu.

Malam ya auna abin a ransa. A kan Hafsatu bai faɗi ko kalma ɗaya ta ƙarya ba. A kan tattabara kuwa shaidar zur ya yi, ga shi za a kai ta tasha a maimaita. Ya ce a samo kwali a sa masa.

Suna shirin fita sai aka ji fuka-fukai a rufi. Malam ya baza hannun babbar rigarsa, ya tura Bashar cikin zaure yana tambayarsa lafiyar hanyar Funtuwa da ƙarfi, Hafsatu na biye da goyo.

Da ya dawo, na Mannir yana nan yana juyi, farar macen na gyara gashi a gefensa.

"Surukinka ya zo gaisuwa," in ji Asabe.

Ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa. Sai idonsa ya faɗa kan tukunyar, inda farin namijin ya kwanta a kan sababbin ƙwai, ya lumshe ido, yana ta aikinsa. Malam ya ajiye tsakuwar, ya ce a ƙara wa wannan gero.