Zauren da Aka Buɗe Sau Bakwai

Ranar Talata aka manna takarda a ƙofar tsohon Zauren Taro na birni: ranar Asabar katafila za ta zo. Mai Makullai ya karanta sau biyu, ya ɓamɓare ta, ya nufi ɗakin da ke bayan dandamali, inda shi da matarsa suka shekara talatin da shida, yana kula da zaure, ita kuma tana shanya a kan igiyar labule.

"Rushewa za su yi," in ji shi. "Wai filin ajiye motoci ake so."

"To mu fa, Baban yara? A but ɗin wace motar za a ajiye mu?"

Zauren nan ya ga duniya. A nan aka yi dambe har wani alƙalin wasa ya rasa haƙora biyu. A nan ɗalibai dubu suka rubuta jarrabawa ruwan sama na ɗiga musu a takarda. Ya zama kotu na wata takwas, ya zama wurin allurar rigakafi, kuma babu ɗan takarar da bai hau dandamalinsa ya rantse zai gyara rufin ba. Da aka gina sabon zaure mai gilashi a bakin gari, sai wannan ya koma ma'ajiyar tayoyi. Amma ba wanda ya tuna ya karɓi makullai a hannun tsohon, shi kuma bai tuna wa kowa ba.

Dabara ɗaya ta rage masa. Dokar birnin ta hana rushe ginin da ya haura shekara hamsin, shi kuwa ya san zauren ya kusa sittin. Laraba da Alhamis ya yi su a kan bencin ofishin adana kayan tarihi, har wata jami'a ta gaji da ganinsa, ta ɗauki fayil ta biyo shi ranar Juma'a da hantsi.

Ba ta ko shiga ciki ba. A bakin ƙofa ta tsaya gaban allon marmara, ta gyara tabarau.

"Baba, wahalar da ni kawai ka yi. An buɗe zauren nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ga shi a rubuce."

"'Yata, wannan buɗewa ta bakwai ce."

"Ta nawa?"

"Ta bakwai. Duk ciyaman ɗin da ya hau sai ya buɗe shi. A shafa fenti a gaba, a jawo labule, a tafa. Biyar ni na kafa da hannuna."

"Ina sauran allunan?"

Ya ƙwanƙwasa bangon, wanda ya kumburo a wurin kamar cikin mai wata tara. "Suna ciki. Wanda na gada ya koya mini: ba a cire allon ciyaman, don wanda aka kora yau yakan dawo. Siminti ake shafewa, a ɗora sabo."

Jami'ar ta duba agogo. "Ni abin da idona ya gani nake rubutawa. Ƙarfe huɗu nake rufe fayil."

Ta kaɗe wata taya ta zauna. Mai Makullai ya ɗauko guduma da cizal.

Bugu uku ya yi, sai ga Mai Taya ya faɗo daga cikin zauren yana huci. Shi ne mai kayan da ke jibge a ciki, shi aka bai wa aikin filin motocin, kuma ɗan ciyaman na bakwai ne.

"Kai tsoho! Sunan mahaifina kake sara?"

"Ranka ya daɗe, gobe katafilarka za ta niƙe shi. Ni ai a hankali nake cire shi."

Mai Taya ya jira allon ya ɓalle. Ya rungumi allon babansa ya koma gefe yana latsa waya, yana neman wanda zai hana.

Allo na shida ya fito: an buɗe zaure bayan saka fanka goma sha biyu. Matar Mai Makullai, da ta fito da tsintsiya tana kwashe ɓaraguzai, ta ce, "Huɗu ne suka taɓa juyawa, su ma ranar buɗewa." Na biyar ya fito, na huɗu ya biyo shi, sannan na uku. Jami'ar ta leƙo.

"Wannan ciyaman ba shi ne na allo na biyar ba?"

"Shi ne. Kin ga amfanin siminti? Da ya dawo, cewa ya yi wanda ya gabace shi bai buɗe da kyau ba."

Ƙarfe uku ta wuce. Zufa ta jiƙa rigar tsohon sharkaf. Allo na uku shekararsa talatin da biyar, kuma daga nan iliminsa ya ƙare. Biyun farko bai taɓa ganinsu ba, labari kawai aka ba shi. In wanda ya gada ƙarya ya shirga masa fa? Mai Taya ya lura da yadda fuskarsa ta canza, ya matso yana murmushi.

"Sara dai, Baba. Kana rage wa direbana aiki."

Ya sara. Cizal ya yi ƙara a kan ƙarfe. Allo na biyu, na tagulla, ya yi kore shar. Matar ta goge shi da haɓar zani, jami'ar ta lissafa.

"Arba'in da bakwai. Saura uku, Baba."

"Akwai wani."

"Ko kuma ka ɓulla cikin zaure," in ji Mai Taya.

Huɗu saura kwata, siminti ya zube, wani ɗan baƙin dutse ya leƙo, bai fi littafi girma ba. Babu sunan kowa a kansa, sai shekara. Jami'ar ta tofa yawu a yatsa ta murza lambobin, ta lissafa, ta sake lissafawa.

"Hamsin da takwas."

Matar ta jefar da tsintsiya ta ɗaga hannu sama. Mai Makullai ya sulale ya zauna a ƙasa, baki har kunne. Mai Taya ya ja tsaki, ya fice da babansa a hammata.

Jami'ar ta cika takarda, ta buga hatimi, ta manna a daidai inda aka ɓamɓare ta farko. "Daga yau ginin nan kayan tarihi ne. Ko ƙusa ba mai bugawa. Tayoyi su fita." Ta juya shafi. "Wancan hayaƙin na bayan dandamali fa?"

"Girkinmu ne, 'yata. Nan muke zaune."

Ta cire tabarau ta dube shi, kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Kuna kwana a ciki? Kuna hura wuta? A ginin tarihi?"

"Shekara talatin da shida..."

"Wancan a ma'ajiya kuka yi shi, Baba. Doka ta hana. Kwana bakwai ku kwashe." Ta miƙo tafin hannu. "Makullan kuma na ofishinmu ne yanzu."

Ya daɗe yana kwance su daga ɗamararsa, don igiyar ta cije. Jami'ar ta jefa su a jaka, ta yi masa sannu da ƙoƙari, ta ce da kowa irinsa ne da birni bai lalace ba, ta tafi.

Matar ta tsaya tana kallon ramin da ya haƙa a bango, sannan ta dube shi zaune cikin ƙura.

"Sannu, gwanin tarihi. Tashi ka roƙi Mai Taya ya bar mana kwalaye kafin ya kwashe."