Marurun Ciyaman

Baki yana ƙarya, fuska tana ƙarya, amma jini bai taɓa yi wa kimiyya ƙarya ba. Haka Babban Likita ya sanar wa ma'aikatansa lokacin da korona ta cika asibitin, kuma nan take ya kafa doka: duk wanda gwaji ya nuna alamar kumburi ta fi yawa a jininsa, shi ciwo ya fi kamawa, shi za a ba gado mai oksijin. Dokar ta yi wa kowa daɗi, musamman shi, don yanzu yana iya duba marar lafiya daga ofis, ƙofa a rufe.

Gado ɗaya ya rage, masu nema biyu. Akwai Tela, wanda 'yarsa ta tallafo yana jan numfashi kamar keken ɗinkin da ya daɗe bai ga mai ba. Akwai kuma Ciyaman, wanda ya shigo da ƙafarsa yana amsa waya. Ba wanda ya tuna ciyaman ɗin mece ce; ƙungiyar ta mutu tuntuni, sunan ya ƙi binta.

Aka ɗebi jininsu. Lambar Ciyaman ta ninka ta Tela.

"Kin gani ko?" in ji Ciyaman ga matarsa, bayan an saƙala masa robar iska a hanci. "Ko a ciwo ba a haɗa ni da kowa."

Rub da ciki ya kwanta. Nas ta yaba ƙwarai, ta ce haka ake son masu korona su kwanta, huhu ya fi buɗewa.

Tana fita, matar ta matso kusa da kunnensa.

"Maigida, ka gaya musu maganar marurun nan mana."

"Wane maruru?"

"Wanda ya hana ka zama tun makon jiya. Kumburi fa suke aunawa. Kai kuma ga naka nan a mazaunai, ya kai ƙwan agwagwa."

"Rage murya! So kike in tuɓe wando gaban yara sa'annin jikokina? Likita ya ce jini. Kin fi likita ne?"

"Ban fi shi ba. Na dai fi shi ganin wurin."

"To, riƙe ganinki."

Ta riƙe. Dama tun aurensu aikinta ke nan.

A baranda, 'yar Tela ta tare Babban Likita zai wuce mota.

"Ranka ya daɗe, Baba ko magana ba ya iya ƙarasawa."

"Lambarsa matsakaiciya ce," in ji shi ta cikin takunkumi biyu. "Abin da kike gani da ido tausayi ne, ba kimiyya ba. A ba shi benci."

Da yamma marurun ya fashe da kansa. Ciyaman ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce lallai iskar nan akwai aiki, a ƙaro masa, kuma kada wanda ya yi gaggawar sallamarsa.

'Yar Tela ta yago kwali tana yi wa mahaifinta fifita, hawaye na jiƙa mata takunkumi. Ta ce za ta koma ta yi musu ihu. Ya kama gefen mayafinta, ya nuna mata da ido ƙofar ɗakin da Ciyaman yake kwance.

"Ƙyale su, 'yar nan... Bawan Allahn can ya fi ni jin jiki. Ba ki ga... ko juyawa ba ya iya yi ba?"

Da ɗan numfashin da ya rage masa, ya roƙa wa Ciyaman sauƙi.