Motar Bamalli Ta Fita Ba Shi

Shekara tara Bamalli yana ɗaukar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja a tsohuwar Golf ɗinsa, kuma bai taɓa makara ba. Da ita yake ci da mutum shida. Ba shi da gona, ba shi da shago, sai wannan jar mota da fentinta ya koɗe.

Aibinta ɗaya, ba ta son sanyi. In Disamba ta kama, sai an tashe ta an bar ta tana kaɗawa minti goma kafin ta yarda ta taka titi. Shi kuwa Bamalli, uban 'yan dabara, sai ya bar ta a ƙofar gida da makulli a jiki, ya koma ciki shan kunu. Matarsa Rabi'a ta yi magana har ta gaji. Amsarsa kullum ita ce, duk unguwar Hashimi wa zai kalli wannan gwangwani?

To, ran wata Talata aka samu mai kallo. Yana tsakiyar kurɓar kunu ya ji kukan injin ya canza, ya kuma ji yana nisa. Ya yar da kofi ya fito. Babu komai a ƙofar gida sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya bi layin da gudu ba takalmi, mutum mai shekara hamsin da tumbi, yana salati yana haki.

Abin da ɓarawon bai sani ba, layin nan hanyar fita ɗaya gare shi, ta mahaɗar da fasinja ke tsayuwa, kuma akwai wani ƙaton rami a wurin da dole kowa ya taka birki. A nan mutanen Bamalli ke jiransa kullum ƙarfe shida. Ba sa jira ya tsaya ma, mai neman Abuja da safe ba ya wannan sanya. Da mota ta rage gudu suke buɗe ƙofa su faɗa.

Haka suka yi yau ma. Ko da Bamalli ya iso, ya tarar da motarsa a gefen rami, a kashe, cike da mutane. Uku a baya, cikinsu har da Malam Yahaya masinja, da jakar abincinsa a cinya. A gaba kuwa Miriam ce, ma'aikaciyar jinya, mace mai jiki, ta riƙe kwalar wani saurayi da hannu ɗaya, makulli a ɗayan. Saurayin sai zufa yake a cikin wannan sanyi.

"Oga Bamalli, na shiga ina gaishe ka, sai na ga ba kai ba ne," in ji Miriam. "Na ce ina direba? Wai kai ka aiko shi. Na ce shekara nawa, ko zazzaɓi kake ba ka ba kowa sitiyari. Shi ne na zare makullin."

Jama'a sun fara taruwa, wasu har da sanduna. Bamalli ya shiga tsakani, ya ce ba wanda zai taɓa saurayin, aka kira 'yan banga suka tafi da shi ofishin 'yan sanda. Bamalli ya dafa motar, ya buɗe baki zai yi godiya.

"Kai Bamalli, bar wannan," in ji Malam Yahaya ta taga. "Wa ya gaya masa taka ce kai kaɗai? Motarmu ce. In ya tafi da ita mu hau me?"

Maganar nan ta shige shi. Ya dubi mutanen nan huɗu, ba dangin iya ba na baba, kowa zaune a mazauninsa na kullum, ya ji alfahari ya cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa. Ashe duk sammakon da yake yi ana gani.

Miriam ta miƙo masa makulli. "Oya shiga, Oga. Yau ka makarar da mu."

Ya share ido da hannun riga, ya shiga ya tayar da ita.