Hannun Alhaji Wahabu a Kan Garmaho

Alhaji Wahabu ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin kamar yadda yake dafa bijimi kafin ciniki. Katako ne mai sheƙi, tsayinsa ya kai ƙugu, rediyo a gefe guda, garmaho a ɗaya gefen. Duk kantunan unguwar Adum babu irinsa.

"Daga Ingila ya zo, Baba Alhaji," in ji Moro mai sayarwa, ɗan unguwar Zongo da ya koyi ɗaura laktaye. "Uku kacal suka iso Kumasi. Ɗaya yana gidan wani lauya a Bantama."

Alhaji bai ji ko kalma ɗaya ba. A leɓen Moro ya tsince su.

Zazzaɓin daminar bara ne ya tafi da kunnuwansa. Shi kuwa da kunne yake ci. Fataken shanu daga Doso da Filinge a gidansa suke sauka, shi ke tsayawa tsakaninsu da mahautan Asante, ya ji farashi da yaren Tuwi, ya juya musu da Hausa, ya zama shaida. Ba wanda zai damƙa garkensa a hannun kurma. Shekara guda yana ɓoyewa, yana bin leɓe, yana gyaɗa kai. 'Yarsa Sahadatu kaɗai ta sani. Sai ga Mutaru, dillalin da gidansa ke kallon nasa, ya fara yaɗa magana a bakin masallaci.

Shi ya sa ya zo kantin, shi ya sa kuma ya gayyato Mutaru da kansa ya taya shi zaɓe. Kurma ba ya sayen garmaho. In Zongo ta ga akwatin nan ya shiga gidansa, zancen ya mutu.

Moro ya ɗora faifai, ya sauke allura. Katakon ya fara rawa a ƙarƙashin tafin Alhaji. Dabarar ke nan da ya kwana yana shiryawa: in hannu ya ji motsi, akwai kiɗa.

"Madalla," ya ce. "Murya tas, ba ƙara."

Mutaru ya zagaya ta bayansa, inda ba a ganin bakinsa. Alhaji ya ga idon Moro ya sauka a kan hannunsa, ya ga ya yi ɗan murmushi.

"Baba Alhaji, masu kunne irinku rufe ido suke yi," in ji Moro, yana buɗe baki sosai. "Haka Turawa ke saurare. Gwada ka ji goge."

Ya rufe. Katakon yana ta ɗan motsi. Ya kaɗa kai a hankali, ya taɓa ƙafa a ƙasa.

"Kai, wannan mai gogen ya iya," ya ce. "Ji yadda ya ja nan wurin."

Ya daɗe a haka, don Mutaru ya gani da kyau. Da ya buɗe ido, faifan yana juyawa shi kaɗai. Hannun allurar yana sama, tsakanin yatsun Moro. Motsin injin kawai tafinsa yake ta ji.

Mutaru ya riƙe ciki ya jingina da bango. Wasu akawuna biyu da suka shigo kallo sun buɗe baki har ana ganin dasashi. Mai kantin ma ya leƙo daga ofishinsa da gilashi a hannu.

"Ei, Baba Alhaji," in ji Moro, "kai kaɗai ka taɓa jin wannan waƙar. Yaya sunanta?"

Alhaji ya janye hannunsa ya cusa cikin riga.

"Ku kai mini gida," ya ce.

"Za a kai. Ko ba a kunna ba ma ado ne."

Bayan la'asar 'yan kaya huɗu suka shigo Zongo da akwatin a kan amalanke, Moro yana biye da su don ya haɗa waya. Labari ya riga su isowa. Fatake bakwai ne a zauren, kowa a kan buzunsa, ba mai kallon maigida ido da ido, sai Hamadu, babbansu, wanda ya shekara ashirin yana sauka a gidan.

"An zo mana da magana, maigida," in ji Hamadu. "Na ce ban karɓa ba. Mutaru ya daɗe yana son shanuna. A kunna abin mu ji tare, kowa ya kama bakinsa."

Sahadatu ta leƙo ta labulen ƙofar cikin gida, inda ta saba tsayawa ta yi wa ubanta alama in an yi sallama ko an kira salla. Mutaru ya shigo ba gayyata, ya je ya tsaya daidai ƙofar, ya baza babbar rigarsa.

"Nan ya fi iska," ya ce.

Moro ya ɗora faifai, ya sunkuya ya yi abin da zai yi, ya rufe murfin, ya ja da baya ya harɗe hannu.

Alhaji bai kai hannu ba. Hannun nan ya ci amanarsa sau ɗaya yau. Fuskoki ya bi. Murmushin Moro irin na kanti ne. Na Mutaru ma haka. Fataken sun zuba masa ido suna jira. To, ya gane. Jira suke ya kaɗa kai.

Ya gyara zama ya yi magana.

Hamadu ya matso, ya kare kunnensa da tafi. "Me ka ce, maigida?"

"Na ce ba za a yi mini sau biyu ba!" Ya nuna Moro da yatsa. "Kai, ɗan banza, daina wasa da manya. Kunna mana mu ji."

Ba wanda ya yi dariya. Hamadu ya sauke hannunsa a hankali.

Sai a lokacin Alhaji ya dubi ƙofar waje. Titi ya cika. Mai sayar da koko ta ajiye tukunyarta tana juya kafaɗa, yara suna ta tsalle, har masu ɗinki na can tsallaken kwata sun miƙe suna leƙe. Ya miƙa hannu ya taɓa akwatin. Katakon yana girgiza kamar zai tsage.

Hamadu ya naɗe buzunsa ya saƙale a hammata. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ya juyo, ya fuskanci Alhaji sosai, ya rarraba kalmomin da faɗin baki, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Allah ya ba ka lafiya, Wahabu."

Mutaru ya karɓi butar Hamadu ya riƙe masa, suka tsallaka titi.

Moro ya ajiye gwangwanin allurai a kan murfin. "A riƙa canzawa kullum, Baba Alhaji. In ba haka ba sauti yana lalacewa."

Zauren ya rage daga shi sai akwatin, sai Sahadatu da ta fito ta durƙusa gefe tana share ido da bakin mayafi. Bai dube ta ba. Ya zauna yana kallon titi, hannayensa biyu cikin riga. Da yaran suka daina tsalle, ya ce mata ta juya faifan.